Hoton Ramatu a Wayoyin Gari

Zinder, Talata

Yaya Kellu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ke da yara kuna lafiya, ƙafar Inna kuma ta yi sauƙi.

Kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya. Akwai ɗalibata Ramatu, 'yar Malam Nomau manomin Gouna, da ke zaune gidan gwaggonta a unguwar Birni. Hotonta ne ke yawo a WhatsApp, kai ba ɗankwali ana mata kitso, an rubuta maganar banza a ƙasa. Ubanta ya zo ya ɗauke ta, alhali saura wata biyu jarrabawar BEPC.

Kin san ni ce darakta ya ɗora wa koyar da yara da iyaye tsare sirri a waya. Har muryata ta dushe kan kada a tura hoto, kada a ba kowa lambar sirri. Raina ya ɓaci, na wanke Ramatu tas a gaban 'yan kilas ɗinsu. Ta yi ta rantsuwa ba ta tura wa kowa ba, ni kuwa da bakina mai zafi ban saurara ba.

Ki gaida Inna.
Ƙanwarki, Wasila

Zinder, Asabar

Yaya Kellu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki zauna kafin ki karanta.

Na sake duba hoton da kyau, sai na ga labulen ɗakina a bayanta. Ni na ɗauki hoton, ranar da ɗalibaina mata suka zo gidana kitson bikin lakwal, wato makarantarmu. Da gilashin wayata ya fashe, na kai ta wurin wani mai gyara a Zango. Ya nemi lambar sirrin wayar, na ba shi, don na san uwarsa, na ji kunyar ya ga kamar ina zarginsa. Kwana biyu wayar ta yi a shagon, hannu nawa ya taɓa ta Allah kaɗai ya sani.

Jiya na hau kabu-kabu har Gouna. Na faɗa wa Malam Nomau komai a gaban maƙwabtansa. Ya ce shi ya yafe, sauran na yarinya ne.

Na zauna a tsakar gidan har la'asar, Ramatu ta ƙi fitowa. Sai ta aiko uwarta ta gaya mini za ta koma lakwal ranar Litinin, amma a sauya mata kilas.

Ki sa ni a addu'a.
Wasila