Motar Ɗan Kubura a Cikin Gem

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Kamfanin da ya yi gem ɗin tuƙin manyan motoci ya fitar da sanarwa: duk wanda ya ƙara mota ko hanya tasa a ciki, za su rufe mashi asusu. To ga ni nan, Sabi'u mai sa gem a waya, rumfa ta uku bayan masu caji, kasuwar Jega. Su zo su rufe. Shekara nawa suna ba mu titunan Turai sumul kamar faranti, fentin mota ma sai ka saya daban. Ni na zauna wata huɗu na dasa hanyarmu a ciki, daga Aliero ta ratsa Jega ta miƙe Maiyama, da ramukanta, da shanun da ke tsallakawa ba sallama. Masu Turanci na ce ma wannan aiki mod. Ni gyara nake ce mashi, don abin da ma bai cika ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na gama zana gingimarin da zan sa a gem ɗin. Ta Ya'ƙub ce, direban Danwarai mai ɗaukar albasa. Na same ta a tasha shina cin tuwo, na zagaye ta da waya. Kore da ja, shaho a ƙofar baya, lambarta, da rubutun goshi: Ɗan Kubura Ba Ya Kwana Hanya. Ban tambaye shi ba. Ana tambayar mutum kafin a yi mashi gata?

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Waya ashirin da wani abu na sa ma ita yau. Wani mahauci ya ce har warin albasa ya ji.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Zayyad, abokina na jami'ar Aliero, ya kifar da motar a cikin gem, a kwanar Maiyama, da gangan, ya ɗauki bidiyo ya watsa. Buhuna na gangarawa, ƙafafu sama. Na yi dariya har hawaye. A guruf ɗinmu na masu gem ana ta muhawara kan sanarwar kamfani, wasu har sun goge gyarana don tsoro. Na rubuta masu: wayarka, datarka, yatsunka, kuma wani a ƙetare ya hana ka zana hanyar gidanku? Na samu tafi da yawa.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ya'ƙub ya zo rumfa, ko zama bai yi ba. Wai bidiyon ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya dushe, wani ya ɗora murya a kai cewa motar Ɗan Kubura ta faɗi. Aka kai ma tsohuwarsa. Ta fito ba takalmi, ta kama hanyar bakin titi.

"Kai Sabi'u, mi na yi maka?"

Na ce, Yaya, wasa ne fa, zane ne, ko yaro ya kalla da kyau ya san ba gaske ba ne.

"Inna yarinya ce? Cire min mota."

Na ce tallar da na yi mashi kyauta, ko gidan rediyo bai yi ta ba. Ya dube ni kamar zai tofa, ya tahi.

Kamfani ya ce in cire, na ƙi. Yanzu direba ya ce in cire. Duk ɗaya ne a wurina, ba na cirewa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ba ni na kifar ba. Zayyad ne.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na je Aliero sayen gilasan waya, na bi ta wurin lodi. Albasa ta fito, motoci na cika suna tashi, ta Ya'ƙub na gefe wayam. 'Yan dako na ce mashi Sarkin Kifewa. Na ji Alhaji Sabo, dillalin da ke ba shi kaya, na cewa ya san zane ne, amma motar da ake kifarwa sau ɗari kullum a hannun mutane, shi bai ɗora mata albasarsa. Camfi tsagwaronsa! Mutum da wayoyi biyu a aljihu. Kakar nan makonni ce, in ta wuce Ya'ƙub, sai baɗi. To laifin jahilci ne, ba nawa ba.

Na bi ta bayan masallaci don kada mu haɗu. Rana ce ta yi yawa ta gaba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Inna Kubura da kanta. Ƙarama ce, ta riƙe kwando, ido ɗaya ya yi fari. Na shirya ma faɗa, har na tanadi amsoshi. Sai ta zauna a bencina ta ce, "Ɗana, kai ne mai motar waya? Gwada min."

Na kunna. Ta kawo fuska dab da gilashi, ta shafa shahon da yatsa.

"Shina ciki?"

Na ce a'a Inna, ba kowa, ni ke tuƙawa daga nan.

"To tuƙa ta a hankali, in ga ta isa."

Ni da ke gudun ɗari da ashirin a gem ɗin nan, yau talatin na yi. Kowane rami sai ta ce bismillah. Shanu suka fito, ta dafe min hannu. Masu sayen caja na tsaye suna jira, ban kula su ba. Da muka zo kwanar Maiyama, na ƙara rage gudu. Minti ashirin da biyar. Da motar ta tsaya ta ce alhamdu lillahi, ya sauka lafiya.

Tana gyara mayafi ta ce, "Sauran masu wayar, haka suke tuƙa shi?"

Ni Sabi'u, da ke sayar ma Bature rana in ya tsaya, sai na hau goge gilashin wayar da rigata. Ta aje min albasa uku a kan teburi ta wuce.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Har yanzu ra'ayina bai canza ba. Kamfani azzalumi ne, ya ɗauki abin mutane ya ce nashi ne, bai tambayi kowa...

Bari in tsaya nan.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na fitar da sabon gyara. Koren nan da ma ya ishe ni, shina cin batir. Motar yanzu ruwan ɗorawa ce, ba shaho, ba lamba. A goshi: Sabi'u Mai Gem, Rumfa Ta Uku. Talla ce, ni ɗan kasuwa ne, mi zai sa in yi ta yi ma wani kyauta? Na bi rumfunan Jega da na Aliero ina goge tsohuwar motar daga wayoyi da hannuna, har Maiyama na hau mashin. Mutum biyu sun ƙi, gobe zan koma masu. Na sa Zayyad ya kifar da sabuwar sau uku ya watsa, na ce ya ƙara ihu. Tun azahar 'yan caji ke kirana Sarkin Kifewa. Su kira.

Asusuna dai kamfani bai rufe ba, kuma hanya tana nan, ba rami ɗaya da na cike.

Da la'asar gingimari koriya ta wuce ta gaban kasuwa, an ɗaure buhuna har sama, ta nufi kudu. Ya'ƙub bai yi min hon ba. Ni ma ban ɗaga hannu ba. Na dai tsaya har ta ɓace, kuma na ji bakina ya ce bismillah.