Sunan Sodangi a Takardar Taki

Kurfi, 4 ga Afrilu, 1966

Zuwa ga ƙanena Lawal, akawun ofishin gona, Dutsin-Ma.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rahamatu da yara. Inno na gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Ka san ni. Daga aji biyu na makarantar Midil na fito, ba wanda ya kama hannuna. Ni na sare dajin bayan rafi, na haƙa rijiya, na yi rufin kwano. Ni na fara zuba wa gyaɗa takin zamani a garin nan, ina aunawa da kwalin ashana, lokacin da ake cewa yana ƙona ƙasa.

To, jiya an manna takardar waɗanda za a ba taki mai rangwame bana, babu sunana. Rubutun kuwa naka ne. Audi mai sikeli ne a sama, shi da ke cika kasuwa yanzu cewa soja sun yi daidai da suka ƙwace mulki, wai 'yan siyasa sun mai da taki na masu katin jam'iyya. Na ce masa in don taki ne, ƙuri'a ta isa, ba sai bindiga ba. Ko maganar ce aka kawo muku? Damina ta matso, Lawal.

Wassalam, yayanka Sodangi.

Kurfi, 15 ga Afrilu, 1966

Ƙanena, ina gaisuwa, Allah ya sa kuna lafiya.

Amsarka ta iso. Ka ce za a binciki duk wanda ya samu taki shekara uku a jere, ana zaton da kati ya samu, shi ya sa ka cire ni don kada a kira ni. Na yarda tsorona ka ji, kuma abin ya taɓa ni. Amma wa ya ba ka shawarar? An ga Audi a ƙofar ofishinku ran kasuwa.

Ban taɓa riƙe kati ba. Layi na bi cikin rana. Na Audi kuwa na gan shi da idona, cikin hularsa. Cirewar nan ce ta sa yau a masallaci ake kallona kamar mai ɓoye wani abu.

Ka mai da ni. In za su kira ni su kira, zan zo da kwalin ashanata. Ka rubuta Sodangi Ɗanmusa Kurfi, da tawada, ba fensir ba.

Ka gai da gida. Yayanka Sodangi.