Sandar Baba ta dawo

Daren Laraba, Kukuo, Tamale

Alhassan ya dawo yau shi kaɗai. Ni na sa shi ya raka Baba asibitin ido a Ankara, babban birninmu na Gana, ga shi ya shigo gida da sandar Baba a hannu.

Ya ce a babbar tashar jirgin ƙasa ta Kumasi abin ya faru. Sun samu wurin zama ke nan aka kira azahar. Baba ya ɗauki butarsa ya ce, "Ka tsare kayanmu, ka gaya wa direba ya jira ni." Haka ya saba a tashar motarmu, inda ba direban da zai tashi ya bar dattijo a kan sallah. Jirgi ya yi kuka ya tashi da Alhassan.

Da ya komo, wani ɗan dako ya ce ya ga an kama hannun wani tsoho an sa shi a jirgi, amma bai san ko na Ankara ne ko na Takoradi ba. Baba ba ya jin Turanci, ba ya jin Asante, da ƙyar yake ganin tafin hannunsa.

Maƙwabta sai waƙar 'yancin kai suke a rediyo, kamar in fasa shi.

Gobe zan bi mota zuwa Kumasi, ni da ban taɓa ganin jirgi ba. Mma ta ƙi cin abinci. Ta riƙe sandar tana tambayata, "To da me yake lalube yanzu?"