Shayina ya sha, yabona ya kwashe

Laraba da dare, Dakoro.

Raina a ɓace yake. Yau mai duba lakwal, wato makarantu, ya zo daga Maradi, ya shiga ajin Sani, sabon malamin Ingilishi. Ina wucewa ta bakin taga na ji Sani yana gaya wa yara cewa "jenitif", kalmar nan ta mallaka, daga Latin ta fito, kuma tun kafin Latin tushenta haihuwa yake nufi. Ni na gaya masa shekaranjiya, yana shan shayina! Baƙon har da ba shi hannu: "Malam, ka yi karatu."

Shekara goma sha biyu ina faɗar wannan, ba wanda ya leƙo ajina.

Da la'asar sai ga Sani da ƙullin sukari: "Yaya, a ɗora mana?"

Na ɗora. Har kofi na uku ya sha, amma yau bai samu tushen kalma ko ɗaya daga bakina ba.