Rubutun da Ka Bari a Kan Allurar Kawu

Zuwa ga Abban Ummi,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka amsa ba, na kuma san ba za ka karanta ba. To, ko da ranka ma ba ka cika karanta abin da ba a fuskar kwamfuta yake ba, don haka ban yi wata asara ba.

Na fita takaba, na koma aji. Innarka tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar nan nata. Babur ɗin da ka faɗi da shi a hanyar Gadau yana jingine a zaure, an rasa mai hawa. Ɗalibanka sun zo gaisuwa har gida. Gero ya yi kyau bana a Chinade, Babana ya aiko wa Inna da nata.

Abokinka Bukar mai shagon intanet ya same ni. Wai masu karanta shafinka, daga Kano har ƙasashen Turawa, suna ta roƙon a fitar da sauran rubuce-rubucen da ka ajiye ba ka saki ba. Bai san kalmar sirrinka ba, sai ya zaunar da ni gaban kwamfutar da ka saba zama, ta kusa da taga. Na fara gwada sunana, ka ji ƙarfin hali. Bai buɗe ba. Na sa na Inna, shiru. Da na rubuta Ummi sai ga komai a gabana.

Ashe kullum sai ka rubuta sunan 'yarmu da yatsunka, sannan ka shiga ka yi ta faɗa da 'yan majalisar Abuja da masu yaƙi a Iraƙi? Ta yaya ka iya?

Na zauna na tantance su, janareta na ta ƙara a bayana. Wanda ka yi kan koya wa yara karatu da Hausa na sake shi, zai amfani wani, ladan ya iske ka. Na tsohon garin Katagum ma na sake shi. Wanda ka yi wa abokin aikinka ba'a a kan hularsa na goge, ba na son a bi ka da haƙƙi kan abin dariya. Akwai wani da ka yabi dambuna har sakin layi biyu. Shekarun da muka yi, ko sau ɗaya ba ka faɗa da bakinka ba. Wannan na bar wa kaina.

Saura guda, ka kuma san shi.

Ba sai na tuna maka ba, amma zan tuna maka. Zazzaɓi ne kawai ya kama Ummi, ba a daɗe da yaye ta ba. Na ce mu tafi asibiti, ka ce ga kemis ɗin Kawu Sale a bakin tasha, me zai sa a ji mun tsallake na gida? Kawu da hannunsa ya yi mata allurar. Kafin la'asar jikinta ya saki. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce a kawo kwalbar, aka kawo, ta juya ta, ta nuna mana inda aka kankare ranar ƙarewar maganin. Kai ma ka gani. Washegari aka kai ta makwancinta.

A makon ka rubuta komai, ka bugo a takarda ka karanta mini a tsakar ɗaki kana kuka. Ban taɓa jin rubutu mai kyau irinsa ba. Ka ce bayan sadakar arba'in za ka sake shi. Arba'in ta wuce, ka ce bayan Sallah. Daga nan kuma sai ka fara tuna mini cewa Kawu ne ya riƙe ka tun rasuwar mahaifinka, shi ya kai ka makaranta, Inna ƙanwarsa ce kuma a gidansa take. Daga ƙarshe ka ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, Abban Ummi. Amma ƙaddara ce ta ɗauki reza ta kankare kwalba?

Abin da ya fi ci mini rai, kwamfutar ta nuna ranar da ka taɓa shi a ƙarshe. A makon da ka rasu ne. Kana nan kana gyara masa waƙafi da aya, shagon Kawu kuwa a buɗe, mata na layi da goyo a baya. Har yau suna yi. Ta nan nake wucewa zuwa makaranta.

Ranar zaman makokinka Kawu ne a kan tabarmar gaba yana karɓar gaisuwa. An ce har ya share hawaye, yana cewa kai yaro ne mai gaskiya wanda ba ya tsoron kowa. Masu karatunka ma haka suke rubutawa a ƙarƙashin hotonka.

Bukar ya ce in danna kawai ya fita. Na tambayi Babana, ya ce abin da mamaci ya riƙe da ransa kada a saka masa a baki bayan ba shi da damar cewa e ko a'a. Da farko na ji haushi. Daga baya na ga ya yi daidai, ko da yake dalilina daban ne. Idan na sake shi da sunanka, za su ce ga jarumin da ya fasa ƙwai a kan kawunsa. Ba ka yi ba. Ba zan ba ka wannan yabon ba.

Don haka na bar shi inda ka bar shi. Na ɗauki biro na rubuta nawa. Bai kai naka daɗi ba, ko rabin shafi bai cika ba: sunan 'yata, abin da aka yi mata, da inda aka yi. Na sa sunana a ƙasa. Ba a intanet zan sa ba, don matan da ke layin nan ba su san hanyar shagon Bukar ba. Ya buga mini shi da yawa. Zan kai ɗaya ofishin lafiya, sauran in ba iyayen yaran ajina hannu da hannu.

Gobe da safe zan fara zuwa wurin Inna in faɗa mata da bakina. Na san watakila shigata gidan ta ƙarshe ke nan, kuma ka san yadda nake son matar nan. Wannan nauyin naka ne, ka tafi ka bar mini.

Kafin a ɗauke ka an ce in yafe maka, na ce na yafe. Ban yi ƙarya ba, sai dai wannan guda ɗaya kullum sai na sake sabon ƙoƙari. Ina kewarka, ina kuma jin haushinka, duka biyun kowace safiya.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka. An ce kai da Ummi ba ku da nisa da juna a maƙabarta. Rubutunka yana nan a kulle da sunanta. Ita za ka yi wa bayani.

Sai mun zo,
Hadiza, uwar Ummi