Ka Cire Kwat Ka Sa Nama

Saskatoon, 27 ga Disamba

Zuwa ga Uda Yusrizal, yayana kuma masoyina, hasken idona, ruwan farko da ya sauka a gonar zuciyata, iskar safiyar garinmu Bukittinggi, mutumin da na zaɓa cikin dubu kuma zan sake zaɓa gobe, sarkin masu taurin kai na duniya da kewaye!

Ina gaishe ka, domin an koya mini gaisuwa a gida. Amma kada ka ɗauka gaisuwar mai murna ce. Tun jiya da na gama waya da ƙanwarka Rosnida zuciyata ke tafarfasa. Na kasa cin abinci, na kasa karatu, kwano ɗaya sai da na wanke shi sau uku. Da gangan na ƙi kiranka, don na san halinka: kalma uku za ka yi ka sa ni dariya, magana ta bi ruwa. Wannan ba za ta bi ruwa ba. Nemi wuri ka zauna ka karanta.

Saura kwana takwas jirginka ya sauka a garin nan ka fara karatu. Wata uku da suka wuce na bi shago shago har na samo maka kwat mai kauri wanda ya sauko gwiwa, da takalmin ƙanƙara mai ɗan yalwa don safa biyu su samu wuri, da safar hannu, da hula mai rufe kunne. Na roƙi wata 'yar garinmu da za ta koma gida ta rage nata kayan ta kai maka. Ka karɓa, ka saka, ka tsaya a tsakar gida gumi na zuba ka turo mini hoto kana dariya. Hankalina ya kwanta. Sai jiya Rosnida ta sassauta murya ta ce, "Uni Nel, yayata, don Allah ba a bakina kika ji ba. Uda ya ɗora akwati a sikeli ya ga ya wuce ƙa'ida, ya zare kwat ɗin nan da takalman ya ajiye a bayan ƙofa. Amak, mahaifiyarmu, ce ta dafa masa naman rendang kilo takwas."

Kilo takwas! Na nama, Uda! Ka cire abin da zai tsare maka rai ka cusa abin da zai cika maka ciki? Kuma ba ka tsaya nan ba, wai har da jawabi. Ta maimaita mini shi tiryan-tiryan, har da yadda ka daki ƙirji: "Ke rabu da Nel, tsoro ya yi mata yawa. Ni ɗan Bukittinggi ne, cikin sanyi aka yanke mini cibiya. Da jaket ɗin nan na hau dutsen Singgalang. Dubi hotunan da take turowa, kullum rana tarwai. In na je na ga da buƙata, na saya a can."

Sannu, gwanin sanyi! Sannu, jarumin Singgalang! Sanyin da kake taƙama da shi, wanda ke sa 'yan Padang su zo garinmu suna rawar ɗari muna yi musu dariya, a nan shi ne lokacin da mutane ke fitowa da gajeren wando suna gasa nama a bayan gida. Yau da safe ma'auni ya nuna talatin da huɗu ƙasa da sifili, in an haɗa da iska ya haura arba'in. Ka san ma'anar haka? Gashin hancinka zai daskare kafin ka gama bisimilla. Hawaye zai tsaya maka a gashin ido. Fatar da ka bari a buɗe, minti goma sun ishe ta. Kai kuma za ka saya a can! Daga ƙofar filin jirgi zuwa shagon, a cikin me za ka je? Ko naman za ka yafa?

Kada ka ce na raina girkin Amak, Allah ya tsare ni. Mahaifiyarka ce, kuma ina fata wata rana in durƙusa a gabanta a matsayin suruka. Na san ɗan garinmu ba ya barin gida sai da rendang ɗin uwarsa a cikin kaya. Na san ta yi yini biyu a gaban murhu tana juya madarar kwakwa har ta ƙone ta yi baƙi, hayaƙi na shiga mata ido, tana cewa hayaƙin ne ya sa ta hawaye. Na san ba ka iya duban fuskarta ka ce a rage. Ni ma haka aka yi mini, kilo uku, an ɗaure cikin leda bakwai. Ka san inda ya ƙare? A filin jirgi ma'aikaci ya tambaye ni ko ina ɗauke da nama, na ce e, ya ba ni haƙuri cikin ladabi, ya jefa shi cikin wata babbar roba a kan idona. Na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. To haka za ka fito, ba nama, ba kwat, sai jaket ɗin Singgalang da cika baki. Ku zauna ku ci shi tare kafin ka taso, ku aika wa maƙwabta, ka ci har ka kasa tashi. Wanda ke cikin cikinka ba mai ƙwace shi.

Ina mutumin da na sani ya tafi? Ka tuna ranar da ka ɗauke ni a babur zuwa tafkin Maninjau? Hazo ya sauka a kan gonaki, hanya tana lanƙwasa tana gangarawa, kai kuma kowace kwana sai ka taka birki ka lallaɓa kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Samari suna wuce mu suna ihu, "Kai malam, sauka ka tura mana, zai fi sauri!" Ni kaina kunya ta ishe ni, na ce ka ɗan ƙara wuta. Ba ka ko waiwayo ba ka ce, "Abin da na ɗauko ba a sayar da irinsa." A bakin tafki muka sha shayi mai ƙwai, kumfa ta maƙale maka a gashin baki, na ƙi gaya maka har muka dawo gida. A ranar na ce a raina wannan mutum zai iya riƙe ni, domin ya san darajar kaya. Ashe darajar nawa jikin kawai ka sani. Naka fa? Wa ya gaya maka ana sayar da irinka?

Tunda ka mayar da ni mai wa'azi, to saurara, kuma kada ka tsallake layi. Riga uku za ka riƙa sawa: ta ciki mai tsotse gumi, ta ulu a kanta, sannan kwat. Safar auduga ka bar wa Rosnida, tana jiƙa ta zama maka ƙanƙara a ƙafa. Wankan nan naka na safe da kake fitowa kai na ɗigar ruwa ka haye babur, ka yi masa bankwana. Gashi sai ya bushe ƙarau, haka ma in ka yi alwala a masallacin makaranta, ka goge tsakanin yatsu kafin ka sa safa. Takalmi kuma ba a barinsa a waje bakin ƙofa kamar a gida, ciki ake shigo da shi, in ba haka ba da safe ka tarar da duwatsu biyu. A kan ƙanƙara ka manta da takun ƙasaitar nan naka, ka yi tafiyar agwagwa, ƙananan taku, hannuwa a waje ba cikin aljihu ba. Waya a aljihun ciki take zama, kusa da ƙirji, don sanyi na kashe ta farat ɗaya. Ka duba lokacin bas tun kana ɗaki. Ɗakin da aka ba ka yana ƙetaren kogi, kullum gada za ka bi, iskar kan gadar nan kuwa ba ta san ɗan kowa ba.

Rana kuma, wayyo rana! Ita ce ta fi ba ni haushi a duk maganarka. A wajenmu in rana ta fito an gama magana, sai a shanya kaya a nemi inuwa. A nan ranar da sama ta yi garau, haske ya cika ko'ina, ita ce ranar da ta fi kowace kisa. Halyna, tsohuwar da nake haya a gidanta, ta gaya mini haka tun makona na farko. Ta ce, "'Yar nan, wannan rana ta ado ce, ba ta ɗumi ba. In kin ga ta yi kyau, ƙara riga." Na yi mata murmushi, na ce a raina tsohuwa ce, tsoro ya yi mata yawa. Ka ji? Kalmarka ce sak, ni na riga ka faɗinta.

Yanzu zan gaya maka abin da na ɓoye shekara biyu, kuma kai ka tilasta ni, ba zan yafe maka wannan da wuri ba. Wata Asabar a Janairun farko na tashi na ga rana ta haske ɗaki. Kewar gida ta taso mini, na ce sai na ci barkono na gaske. Na sa wata 'yar siririyar safar hannu ta kwalliya, na haye kogi zuwa shagon 'yan Asiya. A dawowa bas ta wuce ni. Na cire safar don in duba lokacin wata bas ɗin a waya, wayar ta mutu a hannuna. Na ce ai ga rana, bari in taka. Leda biyu a hannun hagu, sun shaƙe mini yatsu, na bi gadar nan minti arba'in. Da farko zafi, daga baya shiru, har na ji daɗi na ce sanyin ya sauka. Da na isa gida na ga yatsun sun yi fari fat, sun yi tauri kamar kyandir. Maimakon in sa su a ruwa mai ɗan ɗumi in nemi asibiti, sai na murza su da ƙarfi na kanga a jikin hita, irin yadda muke kanga hannu a murhu. Halyna ta shigo ta gani ta ƙwala ihu. Bayan mako shida likita ya yanke kan ƙaramin yatsana da na kusa da shi, daga gaɓar farko.

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa duk kiran bidiyo da hagu nake riƙe waya? Hannun da ke riƙe waya ba ya fitowa a hoto. Na ɓoye wa iyayena don kada su ce in tattaro in dawo. Na ɓoye maka don ina tsoro, e, tsoro, kada ka dubi hannun nan fuskarka ta canja ko da na ƙiftawar ido ne. Na shirya in nuna maka a hankali, muna zaune, bayan ka huta ka sha shayi. Ga shi ka sa na jefo maka shi cikin faɗa, ina rubutu ina kuka, ina jin haushinka ina jin kewarka, na rasa wanne ya fi yawa. Ya hasken raina, ya inuwar da nake hutawa, hannuwanka da suka riƙe birki saboda ni, su zan zuba ido in ga sun yi fari?

Na san abin da kake lissafawa. Kana cewa ai Nel ba za ta bari ba, za ta aro wani kwat ta tarye ni da shi. Aron ba wuya, Halyna na da na marigayi mijinta. Amma ba zan ara ba, wallahi ba zan ara ba. In na cece ka ranar farko, za ka ɗauka sanyin nan abin lallaɓawa ne, kuma ba kullum zan kasance a kan gada tare da kai ba.

Ga abin da zan yi, kuma ka san ba na faɗin abin da ba zan aikata ba. Ranar huɗu ga wata zan tsaya a ƙofar fitowa da kwat ɗaya, wanda ke jikina. In ka fito sanye da naka, zan manta da mutane, zan manta da wannan wasiƙa, in yi kukan murna har ka ji kunya. In kuwa ka fito da jaket ɗin nan, zan tuɓe nawa in ɗora maka a kafaɗa, in zare safar hannuna in sa maka, in wuce gaba da doguwar rigata zuwa tashar bas, kai kana biye a baya cikin ɗumi kana kallona. Sanyin garin nan sai ya samu jikin mutum ɗaya a cikinmu ranar. Kai ke gaban sikeli, kai za ka zaɓa masa.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a kira ɗayanmu, ko ka ji magana ko ka ƙi,

Nelwati