Na sa ɗana haddar Turanci kamar karatun allo

Assalamu alaikum Anti da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma a yi mini a hankali, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni matar aure ce a wani ƙauye a yankin Ɓagwai. Maigidana yana tafiya ci-rani kudu, sai damina yake dawowa. Da ɗanmu ya shiga ƙaramar sakandare, sai ya ce mini, "Karatun yaron nan amana ne a hannunki. In ya yi ƙoƙari ya ci gaba, in bai yi ba ga gona nan." Ni kuwa Hausa kawai nake iya karantawa, Turanci ko oho. Amma na yi allo har na sauke, kuma ina ji da kaina a kan haka. Na ce ai karatu duk karatu ne. Kullum bayan la'asar sai na shimfiɗa masa tabarma, ya yi ta maimaita darasi da ƙarfi har ya zauna masa, sannan ya rufe littafi ya kawo mini hadda. Ya sha ce mini, "Inna, wallahi ban san me nake faɗa ba." Sai na daka masa tsawa na ce mu ma haka muka yi, a haddace tukuna, fassara tana zuwa daga baya. Har tutiya nake yi wa maƙwabta, wai ɗana yana zuba Turanci.

Yanzu yana aji uku. Kwanaki malaminsu ya aiko na je. A gabana ya sa shi karatu, yaro ya rattabo shafi guda ko numfashi bai ja ba, ni har na fara washe baki. Sai malam ya ce, "To faɗa wa mahaifiyarka da Hausa abin da ka karanta." Yaro ya kasa. Ya juya masa tambayar, nan ma ya kasa. Ran malam ya ɓaci, ya ce, "Wa ya koya maka wannan aikin banzan? Shekara uku kana yaudarar iyayenka?" Yaron nan ya ɗago ya kalle ni, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba kowa, Malam, ni ne." Anti, ina zaune aka kira ɗana malalaci, na ja mayafi na rufe bakina. Wace irin uwa ce wannan?

Malam ya ce in ba a mayar da shi baya ya faro daga tushe ba, ba zai ci jarrabawar fita ba. Uban kuwa ba zai yarda da maimaita aji ba, na san halinsa. A waya har yau ce masa nake komai lafiya. Yaron ya daina yi mini maganar makaranta, da an tashi sai ya wuce lambun kawunsa ɗibar tumatir. Bai taɓa ce mini laifina ne ba, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Ga damina ta ƙarato, uban yana hanya. In na faɗi gaskiya, gona zai tura shi. In na yi shiru, jarrabawa za ta faɗa a madadina, ta kuma ɗora wa yaron. Ta ko'ina shi ne zai biya kuskurena. Jama'a, me zan yi?